Ku Cire wa Katifar Inna Leda

Ƙanwata Habsa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lahiya. Yaya Inna da ciwon bayan? Yaya yaranki, yaya damana can Tabla? Ki gaishe mani da Baba Mamane. Ni nan Abijan sai godiya.

Hoton da kinka aiko ya ɓata mani rai. Katifar da na aiko wa Inna tun kahin azumi har yanzu tana jingine ga bango cikin ledarta, ita kuwa tana kwana bisa tabarma. Wai tana tsoron jikoki su yi mata hitsari.

To, ranar kasuwa ki shiga Filinge. Ki auna katifar da igiya kahin ki tahi. Ki sayi shimfiɗa mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa, da zanen gado biyu na auduga, ba mai santsin nan mai sa zufa ba. Kar ki ɗauki fari. Na san ta, za ta ce na baƙi ne, ta ninke shi cikin akwati.

Kin ce kuma wai ni take aje wa katifar sai na dawo. Ki ce mata ina da wurin kwana. Kwali ma, in mutum ya saba, ba ya da laihi. Amma ba don bango ya ji taushi nike dakon buhu ba. In ta ƙi, ki yage ledar da hannunki, ki ce ni na sa ki.

Allah ya ƙara mata lahiya.

Yayanki,
Saminu