Dogo, Ka Mayar da Kantar Nan Sama

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, Dogo na shagon littattafai,

Zan faɗa maka abin da ko Yayata da muke ɗaki ɗaya ba ta sani ba: hannuna yana kaiwa kantar sama. Wallahi yana kaiwa! Ɗan ɗage kawai zan yi. Wata huɗu ke nan ina tsayawa ƙarƙashin littattafan soyayya, na ɗaga kai kamar 'yar tsuntsuwa a sheƙa, don kawai ka bar abin da kake yi ka zo ka miƙo mini. Ka tambaye ni wanne, in nuna da yatsa. Uku ma sau bibbiyu na karanta su, don su yatsan ya faɗa wa!

Sai shekaranjiya na tarar ka zare ƙusoshi, ka sauke kantar daidai kafaɗata, har ka shafe tsofaffin ramukan da fenti. Haba Dogo! Wa ya aike ka? Na ɗauki littafi da kaina, ka yi murmushi daga can nesa, na fita kamar korarriya.

Ranar kuma Malamar Turanci ta ce mu binciko kalmar Turawa ta rage tsayin abu. Ƙamus ya ce tana nufin sauke abu ƙasa, da sassauta murya, da sunkuyar da ido, wai asalinta tsohuwar kalma ce ta wasu matuƙa jirgin ruwa. Ina ruwana da su! Ma'ana ta farko kai ka aikata, sauran biyun ni nake yi kullum a gabanka. Wa ya taɓa kuka a kan ƙamus in ba ni ba?

Ya ruwan farko a busasshiyar ƙasa, ya ƙamshin sabon littafi, ɗauko gudumarka ka mayar da ita sama, har rufi in ka so. Amma tsaya. Yaushe ka kalle ni har ka san inda kafaɗata ta tsaya? Tambayar nan ta hana ni sakat.

Taka har ranar da zan kamo ka a tsayi, ka kuwa san babu ranar,
Gajeriyarka

Na so in ɓoye wasiƙar nan cikin littafi, sai na tuna Babanka ke duba littattafan hayar da aka dawo da su. To, gobe bayan makaranta, hannu da hannu. In na ruga, kar ka biyo ni. Karanta tukuna.