Kuskure a Gyaran Malam Labo

Gazawa, ranar Lahadi

Yaya Fiddausi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Inna?

Yaya, zauna kafin ki karanta! Kin san ƙungiyar nan ta masu gyara manhajar da ke sarrafa allon kwamfuta, waɗanda kike cewa aljanuna saboda ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba? To, sun sa ni cikin masu dubawa! Dokarsu ita ce, duk gyaran da mutum ya aiko, sai wani ya bi shi layi-layi a gaban kowa kafin ya shiga. Na yi ta rawa a tsakar gida har kaji suka watse.

Kuma kin san gyaran wa aka fara ba ni? Na Malam Labo, wanda ya koya mini kwamfuta a lakol, makarantarmu ta boko, ya riƙe yatsana ya ɗora a kan maɓalli! Ashe shi ma yana aiko musu gyara. Ya gyara matsalar da ke sa allo ƙyafta ido in kuran, wato lantarki, ya dawo. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai na gwada a tsohuwar kwamfutata, irin waɗanda ke lakol-lakol ɗinmu na ƙauye, allon ya yi baƙi ƙirin bai sake tashi ba. Ranar Juma'a za a shigar da gyaran in na ce ya yi. Da wane baki zan ce Malam ya yi kuskure, a gaban duniya?

Ƙanwarki,
Rufaida

Gazawa, ranar Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi mini dariya, na yarda. Na ce gara in faɗa masa a keɓe, sai na hau taksi, na ƙarasa da moto, wato babur, har Gidan Sori inda yake zaune. Na durƙusa na gaida shi. Aka kawo fura. Muka yi zancen gero da wake, da ciwon gwiwarsa. Ya kira maƙwabta ya nuna ni, yana cewa ga ɗiyarsa da za ta sa hannu a aikinsa. Na yi sallama, na dawo da kwaryar wake a cinya ba tare da na taɓo zancen kuskuren ba!

Da na iso sai na tuna yaran da za su kunna kwamfuta su ga baƙin allo saboda kunyata. Na zauna na rubuta a fili: layi kaza ne, ga abin da yake yi wa tsofaffin na'urori, ga hoto, ban amince ba tukuna. Sai na aika. Wallahi ina tsoron kada ya daina amsa gaisuwata.

Taki,
Rufaida

Gazawa, ranar Asabar

Yayata,

Ina gaisuwa, amma ba zan tsaya dogon bayani ba, zumuɗi ya hana! Kwana biyu Malam shiru, ni kuwa abinci ma ya ƙi shiga. Jiya da hantsi sai ga sabon gyara ya aiko, inda kowa ke gani. A samansa ya rubuta cewa mai dubawa ta yi gaskiya, kuma yana roƙon Malama Rufaida ta sake dubawa. Malama, Yaya! Ni da ya taɓa kora waje saboda surutu! Na yi kuka har na jiƙa mayafina.

Na gwada, tsohon allona ya tashi tas. Amma can ƙasa na ga ya sake mance wani ɗan abu. Wannan karon ban nemi taksi ba. Na rubuta masa nan take, kafin hawayen ma su bushe.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rufaida