Rediyon Seini yana ɗakina tun 1969

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne, waɗanda zan iya yi wa wannan magana duk sun riga mu gidan gaskiya.

A 1969 ina aiki a wani kantin kayan lantarki a Kumasi, muna sayar da rediyo da fanka da dutsen guga. Kasuwa ta mutu murus. Ƙananan rediyon Japan masu batir sun shigo, ga araha, ka rataya a kafaɗa ka yi gaba, namu na Ingila kuwa akwatin katako ne mai garmaho, sai ƙarti biyu sun ɗaga, kuma ba ya magana sai da wuta. Wuni muke muna goge ƙura muna kallon titi. Maigidana ya ce in wata ya ƙare ban fitar da ko ɗaya ba, in nemi wani aikin.

Ina da amini, zan kira shi Seini, mutumin Nijar, makanike a Magazin, unguwar masu gyaran mota, ɗakinsa jikin nawa a Moshi Zango, kwano ɗaya muke ci. Ya ce mini zai sayi ƙaramin na Japan ya riƙa jin labarin gida. Na hana shi, na ce wannan abin wasan yara ne, mai shirin aure babba yake ajiyewa, amarya ta shigo ta san ta auri mutum. Ya yi dariya ya ce, "Massa," wato oga, "kai ka san kaya, wanda ka zaɓa shi ke nan." Ya kwashe abin da ya tara ya saya.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mako guda kafin nan na ji maigidana yana faɗa wa abokinsa cewa ana raɗe-raɗin za a kori baƙi marasa takarda, a yi maza a rabu da manyan kaya kafin masu saye su watse. Na san Seini ba shi da takarda. Na ja bakina na yi shiru, saboda aikina.

Ba a yi wata ba doka ta fito. Ranar tafiya direban lori ya ce mutane ma a tsaye za su tafi, balle akwati, ga shi ƙauyen su Seini ba wuta. Seini ya dawo da rediyon ɗakina, ya ce amana ce, kar in sayar, zai dawo. Aikin da na ci amanarsa dominsa ma bai kai ko'ina ba, masu tafiya sun zube kayansu a bakin hanya kamar kyauta, wa zai sayi sabo? Cikin 1970 aka rufe kantin.

Yanzu matata ta rasu, 'ya'yana suna Ankara, babban birnin ƙasar nan, daga ni sai rediyon nan a ɗaki. Ya daina magana tuntuni, amma duk Juma'a sai na goge shi. Wallahi kaɗaici yana cina. Da babban ɗana ya zo gyaran gida ya ce a ba 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, na ce sai dai bayan raina, ya ce tsufa ya fara taɓa ni, muka rabu ba daɗi.

To, kwanan baya wani mai kawo albasa daga Nijar ya neme ni har masallaci. Ashe Seini yana raye, ya makance, kullum yana ƙofar gida da ɗan rediyo a kunne. Ya aiko da lambar waya, ya ce a gai da mutumin da bai taɓa cutarsa ba.

Mako uku ke nan takardar lambar tana aljihuna. In na faɗa masa gaskiya, ina tsoron in rasa mutum ɗaya da ya rage wanda ya san ni da ƙuruciya. In na yi shiru, haka zan je gaban Allah da ita. Jama'a, in kira shi in ce amanarsa tana nan kawai, ko in gaya masa na san da maganar korar tun kafin ranar da na ce ya sayi babban?