Gyambon Ƙwaurinki, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifiyarta a durƙushe, tare da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ina neman gafara tun kafin in fara. Zan yi abin da ba ki taɓa yarda mu yi ba: zan yi miki magana kai tsaye, ba tare da na sa kowa a tsakaninmu ba, kuma a gaban jama'a. Na san da kina nan da tuni kin ja mayafi kin juya fuska wajen danga.

Ni ce 'yarki ta fari, don haka ba ki taɓa kiran sunana ba. Yaran yanzu da za su karanta wannan za su zaci ƙiyayya ce. Alkunya ce. A ƙauyenmu na gefen Bagwai uwa ba ta hira da ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta bari a ga ta damu da shi. Ke kuwa kin riƙe al'adar kamar an ce za a raba kyauta a ƙarshe. "Waccan" shi ne sunana a bakinki. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, wadda mijinta malamin firamare ne, shi ya jefa ni boko har na kai jami'a. In na zo gida kina son in ci abinci, kaza kike kallo ki ce, "Wasu dai ba sa ganin kwano a gabansu."

Kin tuna shekarun nan da damina ta yi ta gardama. Gyaɗa ta ƙare, rumbu ya zama wurin kwanan ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Baba ya rasu a cikinsu. Sale, autanki, wanda al'ada ta ba ki izinin so a fili, ya tafi ci-rani kudu, daga nan ba shi ba saƙonsa. A kakar da ta biyo baya karan dawa ya soke ki a ƙwauri. Ɗan rauni ne da yaro zai yi ya manta. A jikinki ya zauna ya zama gyambo.

Lokacin ina aikin jinya a wani babban asibiti a Kano, ina cikin masu wani bincike a kan gyambo. Tambayarmu ita ce ko damuwar zuciya tana hana miki warkewa. Mun raba majinyata gida biyu. Wasu a wanke musu a naɗe su tafi, wasu kuma a wanke a naɗe, sannan a zauna a saurari abin da ke cin ransu. Mukan ɗora leda a kan mikin mu zana faɗinsa, mu kwatanta da na makon baya. Asibitin ba shi da auduga, bandeji ma dafa shi muke yi mu sake amfani da shi, amma sauraro bai yi tsada ba, shi ya sa ina jin aka amince da binciken.

Na ƙware a sa mutane magana, Inna. Tsofaffin mata sukan zazzage mini cikinsu kafin ruwan gishiri ya huce. Wata ta taɓa ce mini, "'Yar nan, da kitso kika koya, da sirrin garin nan kaf yana hannunki."

Sai Gwaggo, wadda a lokacin take zaune tare da ke, ta aiko cewa ƙafarki ta fara wari.

Na fara shigo motar Bagwai duk Asabar, da jakata. Tun daga zaure Gwaggo ke shela: "Ga likitar ƙwauri ta iso! A ɓoye tokar nan kafin a yi mana huɗuba." Kina zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ki miƙo ƙafar a kan kifaffen turmi, fuskarki tana wajen danga. Na gwada miki dabarun da ke aiki a birni. Na sassauta murya na ce, Inna, me ke damunki? Kika ce, "Ladi, tambayi waccan, a asibitin nasu ƙafa ake dubawa ko baki?"

Haka muka yi ta yi, ni da ƙwaurinki. Zanen ledar bai ragu ba.

Wata Asabar Gwaggo ta tafi gaisuwar mutuwa Rimin Gado, babu wanda za a aika tsakaninmu. Ina sunkuye ina wanke mugunya sai na ji kin ce, "Kai gyambo, ka ishe ni. Wanda ake so ya zauna ya tafi, kai da ba a gayyata ba ka shimfiɗa tabarma." Hannuna ya tsaya. Ban ɗago ba, na san in na ɗago shi ke nan. Na ci gaba da wankewa kamar kurma.

Daga ranar kika samu abokin hira. Kin gaya wa gyambo yadda kike tashi da kowace ƙarar mota, ko Sale ne ya dawo. Kin gaya masa har yanzu kina zuba tuwon Sale, ki kwana kina jin haushin kanki. Kin gaya masa Baba bai iya zaɓen akuya ba har ya mutu. Wata rana kuma kika ce, "Ranar da aka ɗauki waccan, bayan rumbu na koma, na wuni ina tsince tsakuwa a geron da babu tsakuwa a cikinsa." Na sa wa mikin nan ruwa fiye da yadda yake buƙata a ranar, don kada in gama da wuri.

Ni ma na koyi hanyar. Nakan ce, gyambo, ka gaya mata a rage tsayuwa wajen daka. Ki ce, "Kai gyambo, tambaye ta ko ita za ta aiko da tuwon daga Kano."

Naman ya fara ja, bakin mikin ya fara haɗuwa. Zanen leda ya sauko daga faɗin tafin hannu zuwa kamar bakin ludayi. Sai ya tsaya.

Duk Asabar in na kwance bandejin sai in tarar sabuwar fatar gefe ta yage. Gwaggo ta ce sammu ne, daga baya ta ce ƙila kaza ce. Ni kuwa na ga mikin mutane da yawa, na san sawun farce in na gan shi. Kina buɗe shi da hannunki, Inna. Kin yi lissafi irin naku na manya: ranar da ƙafa ta warke, waccan ba ta da dalilin zuwa, ke kuma ba ki da wanda za ki gaya wa.

Na koma Kano da abin a raina. Na san ƙarshen gyambon da ake tonawa, musamman a jikin da ba ya samun abinci. Yakan ci ya kai ƙashi, daga nan sai yanke ƙafa, in ma an samu wanda zai yanke. In na yi shiru, ƙafarki za ta tafi. In na dube ki na ce na gane, kunya za ta rufe bakinki har abada, ƙila ma ki hana ni taɓa ki. Babu darasin da ya yi maganar wannan a duk karatuna.

Asabar ta gaba na wanke, na tsane, na ɗauki bandeji, sannan na ce, gyambo, ka saurara. Ko ka warke ko kada ka warke, motar Bagwai ba za ta daina ganina ba. Ƙafar da ta taɓa yin irinka, ko ta rufe sai an ci gaba da wanke ta ana naɗewa duk mako. Dokar asibiti ce.

Babu wannan dokar a ko'ina, kin sani, na san kin sani. Na ɗaure bakin bandejin. Sannan kika ce, "Kai gyambo, ashe asibitin nasu akwai masu hankali."

Kafin a yanke gero mikin ya rufe ruf, sai tabo mai sheƙi. Na ci gaba da zuwa ina dafa ruwan gishiri, ina wanke lafiyayyar fata, ina naɗe ta da bandejin da majinyata ke nema ido rufe. Shekaru muka yi a haka. Gwaggo takan wuce da tsintsiya ta ce, "Wannan ciwo na 'yan gata ne, Allah Ya ba mu irinsa." Sale bai dawo ba. Amma kin daina zuba tuwonsa, kuma tabon ne ya fara jin labarin.

Ba ki shiga rahoton bincikenmu ba. Ba a sa dangi, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne. Ni da kaina na sha gaya wa ɗalibai haka, da fuskar da ba wasa.

Ranar da kika rasu, Gwaggo ce ta shiga wanka da wata maƙwabciya. Da suka kwance bandejin matar ta ce, "Ikon Allah, ai babu ciwo a nan." Ina daga bakin ƙofa na ji Gwaggo ta ce, "Ke, wanke abin da aka ce ki wanke."

Yanzu Gwaggo ma ta bi ki. An nome inda darbejiyar take. Na yi ritaya, ina zaune a gida mai ɗakuna fiye da mutanen cikinsa. 'Ya'yana suna nesa, suna kira na a waya, ina kiran 'yar farina da sunanta ɓaro-ɓaro kamar yadda wayewa ta ce a yi. Hirarmu ba ta wuce "Kin ci abinci?" da "Ya jikin?" Ranar Asabar nakan farka da wuri, in rasa inda zan sa hannuna.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba da Gwaggo cikin rahama. In Sale yana raye Allah Ya kare shi, in ya riga mu Allah Ya sa kin gan shi.

Na yi alkawarin yi miki magana kai tsaye, sai yanzu na lura tun da na fara rubutun nan kaina a sunkuye yake, takardar nake kallo. To, ke takarda, ki gaya mata waccan ta ga kwanon. Tun ranar farko ta gan shi.

Wassalam,
Waccan.