Mama Ta Riga Ta Je Godiya Kan Aikin Da Ba Na So

Assalamu alaikum admin da mutanen wannan gida. A sa min wannan ba suna, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, don ranar Alhamis ɗin nan ake jirana, ni kuwa raina a ɓace yake, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni budurwa ce a cikin garin Daura, na gama sakandare ban ci gaba ba, kuma kada wani ya fara min wa'azin komawa makaranta, ba shi ya kawo ni ba. Sana'ata kiwo. Da tunkiya ɗaya na fara, wadda kakata ta ba ni tun tana da rai, yanzu ina da turke na raguna a bayan ɗakinmu. Tun Babbar Sallah tana nesa nake sa a sayo min ramammu daga kasuwannin ƙauye, in yi ta ɗura musu dusa da harawa da kowar wake, in jiƙa musu kanwa, in wanke su da sabulu, kafin layya ta zo sun zama abin kallo. Da wannan nake yi wa kaina komai, ba na roƙon kowa kuɗin anko, ba na jiran saurayi ya sa min kati. Kuma ina son abin, wannan shi ne abin da mutanen gidanmu suka kasa ganewa. Ba wai na rasa abin yi ba ne na faɗa kiwo.

Matsalar daga wajen Kawu ta taso, yayan Mama, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai hali, yana da mutane a ko'ina. Shi da Mama sun yi shekaru ba sa shiri, tun bikin babbar 'yarsa, da ya aiko mata da katin gayyata ta hannun direba kamar wata bare, maimakon ya tako ya faɗa mata da bakinsa. Mama ba ta je bikin ba, shi ma ya ɗauke ƙafa, daga nan sai gaisuwar mutuwa kawai ke haɗa su. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa Kawu ba ya kama sunana, Uwata yake ce min, ko a lokacin da suke gaba idan muka haɗu a hanya zai tsaya mu gaisa.

To kwanakin baya, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga Kawu da kansa a tsakar gidanmu. Mama har rawar jiki take wajen shimfiɗa tabarma. Aka kira ni na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Uwata, na samo miki aiki, kin huta da warin fitsarin tumaki." Wai wata makarantar kuɗi ce ta kwana ta 'yan mata can wajen Baure, mai makarantar matar amininsa ce, suna neman mataimakiyar metiron. Wato in kwashe kayana in koma can da zama, in riƙa tada 'ya'yan mutane da asuba, in riƙa binciken akwatunansu ina ƙwace waya da man bilicin, in raka wannan asibiti in raba wancan faɗa, gida sai an yi hutu. Ni da na tsani metiron ɗinmu har yau idan na tuna muryarta sai na ji ciwon kai. Ya ce intabiyu ne kawai zan je, shi ma don a cika ƙa'ida. Ina durƙushe ban buɗe baki ba Mama ta amsa a madadina, ta yi ta zuba addu'a har da hawaye.

Na ce a raina bari baƙo ya tafi, gobe in zaunar da ita mu yi magana. Ashe na makara. Washegari ina bayan ɗaki ina share turke, Mama ta turara dambu cike da kula, ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta ɗebi maƙwabtanmu mata biyu suka tafi gidan Kawu godiya. Godiya fa, tun ba a yi intabiyun ba, tun ba a tambaye ni ba. Ku da kuka san garinmu kun san idan uwa ta ɗebi mutane ta je godiya to magana ta ƙare, an karɓa ke nan a gaban shaidu. A hanyar dawowa kuma ba gidan da ba su leƙa ba. Kafin la'asar mata sun fara shigowa suna min Allah ya sanya alheri, wata har da cewa in tuna da 'yarta idan na zama babba a can.

Da suka watse na faɗa wa Mama gaskiya, na ce ba na son aikin nan, kuma ba wanda ya tambaye ni. Na san harshena yana da kaifi, amma wallahi a hankali na fara. Ta ce wai me za a tambaye ni, mutum ya kawo alheri har gida sai a tsaya shawara da yarinya. Na ce to ragunan fa, wa zai duba su, ta ce a sayar. Na ce yanzu da suka fara ɗaukar jiki, Sallah saura 'yan watanni, ta ce ba a kan rago aka fara asara ba. Daga nan murya ta hau, ni ma tawa ta hau. Ta ce masu digiri suna yawo da takardu a leda ba su samu ba, ni mai sakandare an kawo min har ɗaki ina yatsina. Sai ta ce, "Yanzu so kike in koma gidan Yaya in ce a dawo min da godiyata?" Baba yana zaune yana ji, ya ce mu dai mata mu daidaita kanmu, ya sa takalmi ya tafi kasuwa. Shi ke nan gudummawarsa.

Sai na yanke shawarar zan je intabiyun in faɗi da gangan, kowa ya huta, a ce su ne ba su ɗauke ni ba. Na sa tsohon hijabin da nake ba dabbobi abinci da shi, na bar takarduna a gida, na shiga mota a makare. Da na isa na tarar da mata a jere kan benci, kowa ta ci ado ta rungume fayil. Ta kusa da ni babbar mace ce daga garin Babban Mutum, ta ce ta taɓa yin irin aikin nan a wata makaranta kafin a rufe ta, yara gare ta, tun safe take zaune. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙanwata, ke wa ya tsaya miki?" Na ce ba kowa. Ta yi murmushi ta ce, "Mai zuwa intabiyu da wannan hijabin ai akwai wanda ya tsaya mata." Ko minti biyar ban yi ba aka tsallake su duka aka kira ni.

Mutum uku ne a ciki, maza biyu da mace ɗaya. Suna jin sunan Kawu aka hau gaisuwa, ya Alhaji, ya ƙafar tasa, an ce ya je Kano ganin likita. Na ce ban zo da takardu ba, suka ce ba komai a kawo daga baya. Ɗaya ya tambaye ni ko ina iya tashi da asuba, na ce ina, ni barci gare ni, sai rana ta take nake tashi, alhali kullum kafin kiran sallah ina wajen dabbobina. Suka ce zan saba. Macen ta ce idan na kama yarinya da waya me zan yi, na ce zan ari cajarta. Suka fashe da dariya, wai 'yar Alhaji akwai barkwanci, yara za su ji daɗina. Na ce ina da saurin fushi, ina iya marin yarinya, wancan ya ce ai dama metiron sai da zafi. Duk abin da na jefa sai su cafe su mai da shi abin yabo. A nan na gane ba yadda za a yi in faɗi, ko haushin kare na yi a ɗakin nan cewa za su yi muryata ta dace da tada ɗalibai. Na so in ce musu kai tsaye ba na so, amma macen nan ƙawar matar Kawu ce, kafin in hau mota labari ya isa Daura. Na fito na wuce matar nan ta Babban Mutum ban iya kallon fuskarta ba, ita tana so ba za a ba ta ba, ni ba na so ana ɗura min. Wannan wane irin zalunci ne?

Saura mataki ɗaya, ranar Alhamis zan ga Hajiya mai makarantar ita kaɗai. Macen cikin masu intabiyun ta rako ni bakin ƙofa, ta ja ni gefe ta ce in shirya, Hajiya ba ta tambayar takarda, tambaya ɗaya take yi, za ta kalli idona ta ce tsakaninki da Allah kina son aikin nan? Wai an sha guje mata a tsakiyar zango a bar yara ba mai kula, shi ya sa. Ta ce in ce eh kawai. Ni kuwa duk rashin haƙurina ban iya rantsuwar ƙarya ba, balle a kan amanar 'ya'yan mutane.

Jiya kuma abin ya ƙara lalacewa. Na dawo daga sayen dusa na tarar da dillali a bayan ɗakinmu yana matsa bayan ragunana yana buɗe musu baki, Mama ce ta aika aka kira shi. Ya yi musu wani tayi kamar masu ciwo, don ya san an matsu. Na ce ya fita, ya ce shi Mama ce ta kira shi ba ni ba, na ce to Mama ce ta yi kiwon? Na ɗauki muciya, ya fita ba shiri. Tun daga lokacin Mama ba ta amsa gaisuwata, abinci ma sai dai in ga an ajiye a ƙofar ɗaki.

Abin da ya hana ni fasa komai in huta shi ne, kwanakin nan Kawu kullum sai ya kira Mama a waya. Suna hira suna tuna gidansu na da, tana ce masa Yaya tana dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Matarsa har ta aiko mata da atamfa. Na san aikin nan ba don ni ya nemo shi ba, haƙurin da bakinsa ya kasa bayarwa ne ya bayar da ni. Kuma na san halinsa, idan ya ji na tsaya gaban matar amininsa na ce ba na so, zai ce Mama ce ta sa ni don ta rama, ba zai ƙara tako gidanmu ba. To amma ni ce na aika katin? Su biyu manya suka yi faɗansu, don me za a shirya a kaina da dabbobina?

Na yi tunanin in riga kowa zuwa wajen Kawu in faɗa masa da kaina, amma idan ya hau, na ɓata komai tun kafin Alhamis. Na yi tunanin in karɓa in yi zango ɗaya in gudo, to lokacin an sayar da raguna, Sallah ta wuce, kuma kunyar ta fi ta yanzu. Wanda zai ce min in yi haƙuri in bi iyaye kawai ya riƙe abinsa, an faɗa min a gida har na haddace. Ina son wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min yadda ya fita. In je wajen Kawu tukuna, ko in bari sai gaban Hajiya? Idan kuma ta kalle ni ta ce tsakanina da Allah, da wane baki zan ce mata a'a ba tare da na sake raba Mama da ɗan'uwanta ba?