Farin Hayaƙin da Ya Raba Baba da Gareji

Zarƙa, Jodan

Zuwa ga Yaya Suhair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Abu Tala da yara, Ya sauƙaƙa muku sanyin Kanada. Mu nan jiki lafiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi har ta koma rigima da mai kayan miya, matata Dima kuma ta yaye Yazan. Na zaɓi takarda ne don maganar ta ƙi fita ta waya. Sau biyu ina kiranki, in ƙare da tambayar yanayin gari. Yau kwana ashirin da uku Baba bai taka gareji ba, kuma ni ne sanadi.

Abu Firas, direban nan mai ɗauko kaya daga Aƙaba, ya kawo tirelarsa tana fitar da farin hayaƙi, ruwan lagireto yana raguwa, ba ko ɗigo a ƙasa. Kin san Baba, shekara arba'in da kunne yake gyara. Ya ɗora tafinsa a kan injin, ya saurara, ya ce gasket ne, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin, ya ƙone. A tsofaffin motoci da ya yi daidai. Amma na zamani ba duk hayaƙinsu suke zubarwa ta salansa ba. Akwai bawul da ke ɗibar kaɗan, ya bi da shi ta wani ɗan akwati da ruwan lagireto ke zagayawa don ya huce, sannan a mayar da shi injin ya gauraya da iska. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ci, sai ya rage zafin wutar, gubar da ke fita ta ragu. Baba kan ce motar da ke haɗiye hayaƙinta ba ta da tarbiyya. To idan akwatin nan ya tsage, ruwa ya bi hayaƙi ya shiga injin, alamun gasket za ki gani sak. Na koyi wannan a kwas, kuma ranar na ga jiƙaƙƙiyar kunkuniya a bakin bawul ɗin da idona. Yaya, na sani.

Sai dai direbobi shida ne a benci suna shan shayi, kuma a garejinmu ɗa ba ya gyara wa mu'allim, wato babban mai gareji, magana a gaban baƙi. Na ce a raina sai an watse. Aka watse, na gan shi yana naɗe hannun riga yana waƙa ƙasa-ƙasa, rabona da ganinsa da wannan karsashi tun kafin aikin idonsa, sai bakina ya mutu. Kwana uku muka yi kafin mu sauke kan injin mu mayar. Tsohon gasket ya fito ƙalau, ya jujjuya shi ya ce ɓarakar ce ba ta ganuwa, na ce haka ne.

Motar ba ta kai garin Ma'an ba hayaƙin ya dawo, aka jawo ta. Abu Firas bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Sumbatar Baba ya yi a ka, ya ce cikin raha Abu Hazim, wato Baba, ai ya sha aiki, ya bar wa 'yan kwamfuta. Na cire akwatin, na hura masa iska cikin bahon ruwa, kumfa ta tashi kowa yana kallo. Kafin la'asar na gama, saurin nan kuwa shi ya tona ni.

Baba ya jira muka shiga wanke hannu, ya tambaye ni ko tun ranar farko na gane. Na ce eh. Ya daɗe yana murza sabulu, sannan ya ce, "Da ka kunyata ni gaban mutum shida, da na ce na haifi bakanike. Amma ka yi min shirun da ake yi wa marar lafiya." Ya rataye rigar aikinsa, ya miƙo min makullin akwatin sifanoninsa, ya taka zuwa gida.

Yana amsa gaisuwata, yana cin abinci, yana ta ba itacen lemo ruwa har ya kusa kashe shi. Ranar Juma'a Umma ta yi mansaf, shinkafar nan da naman rago, ya turo min nama yadda ake yi wa baƙo. Shekaranjiya na je masa da ƙaryar wani tsohon inji ya gagare ni, ya dube ni ya ce in daina, sau ɗaya ya isa. Zuciyata ta karye, Yaya. Na ɗauka ladabi nake yi masa, ashe tausayinsa nake ji, shi kuwa ya gane kafin ni.

Roƙona ki kira shi, yana jin maganarki. Kada ki ce ya yafe min, ya riga ya ce ya yafe. Ki dai tambaye shi abin da zai sa ya dawo, ko da zama ne a benci yana kushe aikina.

Ki gaida Abu Tala, da Tala da Ƙusai. Umma da Dima da Goggo Nawal suna gaisuwa. Ki sa mu a addu'a. Direbobi sun fara kirana mu'allim, ni kuwa duk wanda ya kira, ƙofa nake waiwayawa.

Ƙaninki,
Hazim