Gyaɗar Hope da Rabin Gonata

Unguwar Boro, Kaduna.

Zuwa ga Yayana Emma,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Irene da yara, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara maka ƙarfi, ya tsare fitarka da shigarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ciwon gwiwar Mama ya yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har da ƙafa take zuwa coci yanzu. Maigidana Joshua yana nan yana fama da aikin silin ɗinsa, kullum ya dawo fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Ƙaninmu Tony da matarsa Hope su ma lafiya, sun ma fi kowa lafiya, kuma maganarsu ce ta sa na ɗauki biro. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Halinka na sani, Yaya, kafin in kai rabin magana ka fara dariya, ni kuwa abin nan bai ba ni dariya ba.

Ka san gonar Baba ta Rido. Tun da ya rasu ni nake noma ta, lokacin da kowa ya kama gabansa, ni ce nake hawa keke napep da fartanya a jaka in je in dawo da ciwon baya. Ba zan ɓoye maka ba, 'yan shekarun nan gyaɗar ta yi ta ba ni kunya. Ganye shar, sai an cire ka murza ka tarar ɓawo ne kawai ba ƙwaya. To bana sai Mama ta ce a raba gonar biyu a ba Hope rabi, tunda tana zaune ba aiki. Raina bai so ba, amma na haɗiye. Ni na ba ta iri daga nawa, ni na nuna mata yadda ake tayar da kunya, domin yarinyar ko riƙon fartanya ba ta iya ba, riƙe ta take yi kamar mai shara.

Ana nan sai wata malamar gona ta zo taron zumuntar mata a cocinmu, ranar kuwa ni ina Kakuri wajen sarin kaya. Hope ta dawo da labarin wani farin gari wai shi jifsam. Wai ƙasarmu mai yashi ce kuma ta gaji, abin da ke cika ƙwaya ya ƙare a cikinta, shi ya sa muke cire ɓawo. Wai idan gyaɗa ta fara fure a barbaɗa shi a gindinta, ruwa ya narkar da shi ya sauka inda 'ya'yan suke. Ta faɗa mini, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma da ka ga yadda ta faɗa, a hankali tana maimaitawa kamar malama da 'yar aji ɗaya, ita da na koya wa shuka jiya jiya. Na ce mata Baba ya yi noma har ya koma ga Allah bai taɓa shafa wa gyaɗa hoda ba. Ta yi murmushin nan nata da ke ci mini rai, ta je ta sayo, ta barbaɗa a nata ɓangaren.

Daga nan gonar ta zama wurin buɗe ido. Matan zumunta su cika keke su zo kallon ɓangaren Hope, su tattake mini kunya su wuce, ko sannu da aiki sai wadda ta ga dama. Mama kanta, wadda ta yi shekaru ba ta leƙa Rido ba saboda gwiwa, sai ga ta a gona tana tambayar Hope sau nawa ake zubawa. Ina tsaye a wurin, Yaya. Kishi ya kama ni, kuma ban ga dalilin da zan sake masa suna ba.

Wata rana muna cin abinci Joshua ya ce ai garin POP da suke silin da shi daga wannan dutsen ake yin sa, jifsam ne shi ma. Nan take zuciyata ta yi fari. Ashe abin da ake ta yi wa Hope kirari a kai yana jibge a bayan ɗakina. Da ya tafi aiki na kwashi ragowar buhunan da ya ajiye, na nufi Rido. Na ce idan ita barbaɗawa ta yi, ni zubawa zan yi, na bi kunya kunya na lafta shi har ɓangarena ya fi nata fari nesa ba kusa ba. Kafin in kai titi yayyafi ya sauko, na ce Allah ma yana bayana.

Da na koma bayan kwana biyu sai na tarar gonata ta daskare. Saman kowace kunya ya yi ɓawon fari mai tauri, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara. 'Yan zaren nan da ke saukowa daga fure su nutse cikin ƙasa su zama gyaɗa, ga su nan sun zo sun tokare, sun rasa hanya. Wani maƙwabcin gonarmu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko har fanka da ƙwan lantarki zan sa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ita ma ƙasar na riga na toshe ta. Da na gaya wa Joshua sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce nasu garin an gasa shi ne don ya kama da zarar ya ji ruwa, na gona kuwa ɗanye ne, da na tambaye shi da ya faɗa mini. Na sa fartanya ina farfasawa, ina fasawa ina tsinka zaren da furen. Kuma ka san wa ya zo taya ni? Hope, da tsohon zane da ɗankwali, ta wuni tana tsince farin tana tarawa a gefe. Wallahi da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Da aka cire gyaɗa, tata ta cika tam, ƙwaya manya, ka ɗaga kwando ka ji nauyi. Tawa ba sai na faɗa ba. Wannan duk zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka ya faru ranar Lahadin godiyar girbi. Ka tuna al'adar gidanmu, Mama ce ke ɗaukar kwanon farko na gonar Baba ta yi rawa da shi zuwa gaban bagadi, wadda ta noma kuma tana biye da ita. Shekara da shekaru ni ce a bayanta, ko da kwanon bai cika ba. Bana kwanon Hope ta ɗauka. Da fasto ya ɗebi gyaɗar ya tambaya hannun wa ya yi wannan aiki, sai Mama ta kamo hannun Hope ta ɗaga, ta ce 'yarta ce ta noma. 'Yarta, Yaya. Ina zaune a layin mata da sabon ankona, kowa na guɗa, ni ma na tafa don kada a gane. Ban ji wa'azin ranar ba ko kaɗan.

Yanzu Mama ta ce baɗi a bar wa Hope gonar gaba ɗaya, wai in huta in kula da shagona, amma ba za ta yanke ba sai ka zo Kirsimeti ta ji ta bakinka, tunda kai ne babba. Shi ya sa na riga kowa. Na san Mama za ta ba ka labari ta fara da silin da na yi wa gyaɗa, Tony kuma ya ƙara gishiri. Ban ce a ƙwace na Hope ba, ta yi aiki, na gani da idona. Rabina nake roƙo. Ban gaji ba, ban ce ina son hutu ba, kuma ban riƙe gonar nan duk shekarun da ba ta ba da komai don a sallame ni a shekarar da aka gano maganinta ba. Makon jiya Hope ta aiko mini da rabin buhun jifsam ɗin da ya rage mata, na gaskiyar, ta ce in ajiye don baɗi. Yana nan bayan ƙofa, ban buɗe ba, ban kuma yi godiya ba tukuna. Idan ka bar mini rabina zan je har ɗakinta in tambaye ta yadda ake zubawa, in tsaya ta maimaita mini a hankali yadda take so. Ka san abin da wannan zai ci mini, don haka ka auna yadda nake son gonar.

Ka gaishe mini da Anti Irene da kyau, ka ce ina nan ina jiran atamfar da ta yi mini alkawari. Ka shafa mini kan Kevin da Jessica, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Mama tana gaishe ku, Joshua da Tony ma haka. Hope ma ta ce in gaishe ka, ga shi na isar. Direban da zai ba ka takardar nan zai haɗa maka da ƙullin gyaɗa, Mama ce ta aiko, kuma ka san ta wace ce. Ku ci lafiya, amma don Allah kada ka kira ni ka ce ta yi daɗi. Na ɗanɗana, na sani.

Taka ƙanwa,
Vicky